Bizar Iyali ta Birtaniya: Amsa Tambayoyin Tsohon Ƙin Biza da Tafiye-tafiyen Baya

Mai neman bizar zuwa zama da miji ko mata a Birtaniya yakan ƙarar da ƙarfinsa wajen haɗa takardun albashi, shaidar ɗaurin aure, sakamakon jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka. Idan ya iso shafin da ake tambayar ƙasashen da ya taɓa zuwa da bizar da aka taɓa hana shi, sai ya bi da sauri yana danna "a'a", ko ya bar wa yaron shagon intanet ya ƙarasa. Alhali wannan shafin ya kayar da mutanen da duk sauran takardunsu sun cika. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu nema da iyalansu.

Me ake tambaya takamaimai a wannan ɓangaren?

Tambayoyin iri biyu ne, kuma ba wa'adi ɗaya suke da shi ba. A nan mutane da yawa suke rikicewa.

Na farko su ne na tafiye-tafiye, kuma shekara goma da suka wuce suke dubawa. Za a tambaye ka ko ka shiga Birtaniya, sau nawa, yaushe, don me. Sai a ware wani rukuni: Amurka, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Suwizalan da ƙasashen yankin tattalin arzikin Turai. A wannan rukunin adadin zuwa ake nema, sannan cikakken bayanin tafiye-tafiye na baya-bayan nan. Sai kuma sauran ƙasashen duniya, kowace da ranar shiga, ranar fita da dalilin zuwa.

Na biyu su ne na matsala da hukumomin shige da fice, kuma waɗannan ba su da iyakar shekaru. Tambayar ita ce ko an taɓa, a Birtaniya ko a wata ƙasa, hana ka biza, hana ka shiga a bakin iyaka ko filin jirgi, hana ka izinin ci gaba da zama, hana ka mafaka, tasa ƙeyarka, umartarka ka fita, ko haramta maka shiga. Abin da ya faru a 2006 yana cikin wannan tambayar daidai da abin da ya faru bara.

Akwai ƙarin tambaya kan Birtaniya ita kaɗai: shiga ta ɓarauniyar hanya, wuce wa'adin biza, yin aiki ba da izini ba, da bayar da bayanin ƙarya a wani neman da ya gabata.

Sau biyu ana hana ni bizar ziyara. Yanzu an ɗaura mana aure, maigidana yana Manchester. Wancan ƙin zai sa a sake hana ni?

Shi kaɗai ba zai sa ba. Ki ɗauko wasiƙun nan biyu ki karanta dalilin da aka rubuta. A mafi yawan lokuta za ki tarar jami'in cewa ya yi bai gamsu za ki koma gida bayan ziyarar ba, ko kuɗin da ke asusunki bai yi daidai da abin da kika ce kina samu ba, ko an ga wani kuɗi mai yawa ya faɗo dab da lokacin nema ba tare da bayanin inda ya fito ba.

To bizar aure ba ta tambayar ko za ki koma. Ke da bakinki kike cewa zama za ki je yi. Abin da za a auna daban ne: ko auren na gaske ne kuma kuna nan tare a matsayin ma'aurata, ko kun taɓa haɗuwa ido da ido, ko maigidan yana samun abin da doka ta gindaya, wato fam 29,000 a shekara tun daga 11 ga Afrilu 2024 bayan an daɗe a kan fam 18,600, ko akwai wurin zama, ko kin ci jarrabawar Turanci matakin A1, wato matakin farko. Dalilin da ya kayar da ke a bizar ziyara ba ya cikin wannan jerin.

Inda za ki tsaya ki nutsu shi ne idan wasiƙar ta ambaci takardar bogi, ko bayanin ƙarya, ko yaudara. Wannan wani babi ne, kuma zan zo kansa. Amma ƙin da aka yi kan rashin gamsuwa kawai, ki rubuta shi da ranarsa da lambarsa, ki wuce.

Na canja fasfo tun bayan wancan lokacin, babu wata alama a sabon. In na yi shiru ta ina za su gane?

Ta yatsunka. Tun wajen 2008 Birtaniya take ɗaukar zanen yatsu da hoton duk mai neman biza a ko'ina a duniya. Ranar da ka ɗora hannu a kan na'ura a cibiyar karɓar takardu ta Abuja ko Legas, duk fayil ɗin da aka taɓa buɗewa da waɗannan yatsun zai fito a gaban jami'in, ko da sunan ya ɗan sauya, ko ranar haihuwar ta bambanta. Hasali ma bambancin suna da ranar haihuwa ƙarin tambaya yake jawowa.

Ban da nata rumbun, Birtaniya tana musayar bayanan shige da fice da Amurka, Kanada, Ostareliya da New Zealand, har da zanen yatsu. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, su ma suna da nasu rumbun da ke ajiye bayanin kowane nema na shekara biyar. Birtaniya ba ta cikin Shengen, shi ya sa wasu ke cewa ƙin da Faransa ko Jamus ta yi ba zai taɓa fitowa ba. Ni dai ba zan ɗora zaman iyalina a kan wannan lissafin ba. Sau da yawa ba ma na'ura ke tona asirin ba. Mutum ya faɗi abu a fom ɗin 2018, ya manta, ya musanta shi a na 2025, jami'in kuma duka biyun suna gabansa.

Mene ne hukuncin wanda aka kama ya ɓoye?

Na farko, a ƙi neman. Kuɗin biza ba ya dawowa, kuma a 2025 ya kai fam 1,938 ga mai nema daga waje. Kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da shi, fam 1,035 a kowace shekara, wanda ke kamawa fam 3,105 a bizar farko ta wata 33 domin kuɗin shekara uku ake lissafawa, shi ana mayarwa.

Na biyu ya fi nauyi. Idan jami'in ya yanke cewa da gangan aka yi, wato yaudara ce, ana iya rufe wa mutum ƙofa har shekara goma. A da, dokar bizar iyali da ake kira Appendix FM tana da nata ƙa'idojin cancanta daban, kuma wa'adin haramcin nan bai cika hawa kan ma'aurata kai tsaye ba. Har yanzu za ka ji masu ba da shawara suna maimaita wannan. A Nuwamba 2025 an sake tsarin, an haɗe ƙa'idojin wuri ɗaya ƙarƙashin wani sashe mai suna Part Suitability, aka shigo da hanyoyin iyali cikinsa. Duk shawarar da aka ba ka kan tsohon tsari, ka sa a sake duba maka ita.

Doka ta bambanta kuskure da ƙarya. A shari'ar AA (Nigeria) ta 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce kafin a kira bayani na ƙarya sai an samu rashin gaskiya a cikinsa, mantuwa ko kuskuren tsakani da Allah bai isa ba. Amma kotun ta ƙara da cewa ba lallai rashin gaskiyar ya fito daga mai neman da kansa ba. Idan wanda ya cike maka fom ne ya shirga ƙaryar, tana iya cin neman naka. Kuma Ma'aikatar Cikin Gidan Birtaniya ce ke da nauyin tabbatar da yaudarar. Sai dai kafin ka kai ga alƙalin da zai saurari wannan hujjar, watanni sun shuɗe, matarka ko mijinki yana can, kai kana nan.

Sauran ƙasashen ma ba su da sauƙi. Kanada shekara biyar take hanawa kan bayanin ƙarya. Amurka kuwa haramcinta na har abada ne sai in an samu yafiya ta musamman.

Ejan ne ya cike mini fom ɗin wancan lokacin. Ni ko ganin abin da ya rubuta ban yi ba, sai dai ya ce "bai fito ba". Yaya zan yi?

"Bai fito ba" yana iya nufin abu uku: an ƙi, ko bai taɓa turawa ba ya cinye kuɗin, ko ya tura bai kammala ba. Ka fara tambayar kanka ko ka je an ɗauki yatsunka. Idan ka je, to an buɗe maka fayil kuma kusan tabbas an yanke hukunci a kansa.

Ka koma wurinsa ka nemi kwafin fom ɗin, wasiƙar hukuncin, da adireshin imel ɗin da ya yi amfani da shi. Da yawansu da imel ɗinsu suke buɗe wa mutane nema, shi ya sa wasiƙar ba ta taɓa isowa hannun mai ita. Idan ya ɓace ko ya ƙi, akwai hanyar da ba ta bi ta kansa. Dokar kare bayanan sirri ta Birtaniya ta ba kowa damar neman kwafin abin da Ma'aikatar Cikin Gida ta ajiye a kansa, ko ɗan wace ƙasa ne, ko a ina yake zaune. Sunan buƙatar Subject Access Request, ana cike ta a shafin gov.uk, kuma kyauta ce. Doka ta ce a amsa cikin wata ɗaya, amma a aikace takan ɗauki fiye da haka, don haka a tura ta tun ana shirin jarrabawar Turanci, kada a bari sai an zo cike fom.

Wanda duk ya taɓa bi ta hannun ejan, ina ganin wannan matakin ya fi masa kowane muhimmanci. Gara ka karanta abin da aka rubuta da sunanka kafin jami'in ya karanta maka shi.

Na samo tsohon fom ɗin. Ashe ya rubuta cewa ina da mata da 'ya'ya biyu, alhali a lokacin ko budurwa ba ni da ita. Yanzu ga shi zan nemi zuwa wurin matata.

Wannan tsohuwar dabara ce ta 'yan cike fom: a ƙirƙiro wa saurayi iyali da babban aiki don a nuna yana da abin da zai dawo da shi gida. A bizar aure kuwa ita ce ke zama ƙaya, domin doka tana so a nuna duk wani aure na baya ya ƙare ƙarewa ta dindindin. Jami'in zai tambayi ina matar nan, ina takardar saki, ina yaran.

Kada ka je ka haɗo takardar sakin matar da ba a taɓa aura ba. Wasu sun yi, sai ƙarya ɗaya ta zama biyu, ta biyun kuma da hannunsu suka yi ta. Abin yi shi ne ka faɗi gaskiyar yadda aka yi: wane ne ya cike, a wace shekara, me ka ba shi, me ya rubuta, yaushe ka gano. Ka haɗa da abin da zai goyi bayanka, kamar takardar rantsuwa ta kotu da shaidar cewa wannan ne aurenka na fari. Tambayar da ke cewa ko ka taɓa bayar da bayanin ƙarya a wani nema tana jiranka a fom ɗin, kuma yadda za a amsa ta a irin wannan hali aikin lauya ne. Ka nemi wanda yake da rajista a Birtaniya, ko lauya mai lasisi ko mai ba da shawara da ke ƙarƙashin IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda kafin Janairu 2025 ake kira OISC. Matarka da ke can za ta iya bincika sunansa a rajistar.

Ɗan'uwan wannan matsalar shi ne macen da ta nemi bizar ziyara ta ce ba ta san kowa a Birtaniya ba, sannan a neman aure ta rubuta cewa sun fara soyayya shekara biyu kafin wancan lokacin. Ranakun su ne za su yi magana. Ita ma ta yi bayani tun kafin a tambaye ta.

A ofishin jakadancin Amurka wata 'yar takarda kawai aka miƙo mini ta taga, ba a buga komai a fasfo ba. Shi ma ƙi ne?

Ƙi ne. Idan takardar ta ambaci sashe na 214(b) na dokar shige da fice ta Amurka, an hana ka biza ke nan saboda ba ka gamsar da su za ka dawo ba, kuma a rubuce yake a wurinsu. Idan 221(g) ce, wadda ake bayarwa lokacin da ake jiran ƙarin takarda ko ƙarin bincike, a dokar Amurka ita ma ƙi ce, ko da daga baya an ba ka bizar. Ka rubuta ta, ka ƙara da cewa an bayar da bizar a rana kaza.

Na Shengen fom ne da ake yi wa alama a kan dalilin ƙin. Idan za ka haɗa kwafinsa kuma ba da Turanci yake ba, sai an fassara shi fassara mai ɗauke da sa hannun mai fassara da sunansa da kwanan wata.

Hajji da Umara su ma sai na lissafa? Ai ibada ce ba yawon buɗe ido ba.

Hajiya, Saudiyya ƙasa ce, fita kuma fita ce. Duk zuwan da ya faɗo cikin shekara goman nan ki rubuta shi. Kuma ba abin ɓoyewa ba ne, domin shaida ce cewa kin fita kin dawo a kan lokaci. Idan a jerin dalilan tafiya babu wanda ya dace, ki zaɓi na "wani dalili" ki rubuta aikin Hajji.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi mutanenmu musamman a nan. A aikin Hajjin 2012 hukumomin Saudiyya sun tsare ɗaruruwan mata maniyyata 'yan Najeriya a filayen jirgin Jidda da Madina kan batun muharrami, aka dawo da da yawa daga cikinsu gida ba tare da sun shiga ba. Wadda abin ya rutsa da ita za ta ce ai an fi shekara goma, kuma ba laifinta ba ne. Duka biyun gaskiya ne. Amma an hana ta shiga a bakin iyaka, tambayar kuma "an taɓa" take cewa. Ta amsa "e", ta yi bayani a layi biyu.

Na biyu, waɗanda suka je Umara suka zarce da zama, aka kama su aka ɗauki yatsunsu aka dawo da su. Wannan tasa ƙeya ce, kuma dole a faɗe ta. Haka wanda aka kwaso daga Libiya ko Aljeriya. A nan sai a bambanta: wanda hukumar ƙasar ta kora daban, wanda ya amince da kansa a taimaka masa ya dawo daban, ɗaliban da aka kwaso daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 kuma ba wanda ya kore su. Kowa ya rubuta abin da ya same shi yadda ya faru.

Ni ɗan Jibiya ne, kusan kowane wata sai na leƙa Maraɗi, wani lokaci ko fasfo ba na ɗauka. Ta yaya zan lissafa wannan?

Ba wanda zai iya kawo ranakun irin wannan zirga-zirgar ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a sa ran ka ƙirƙiro su. Ka saka Nijar a jerin ƙasashen, ka bayar da ranakun tafiyar da ka fi tunawa ta baya-bayan nan, sannan a wurin ƙarin bayani ko a wasiƙarka ka ce kai mazaunin kan iyaka ne, kana da dangi ko kasuwanci a can, kana shiga kusan sau kaza a shekara tun shekara kaza, yawanci yini ɗaya ko biyu, kuma ba kullum ake buga hatimi ba. Haka mai sarin kaya a Kwatano, da mai zuwa Marwa ko Garwa daga Mubi.

Abin da bai kamata ba shi ne ka ce ba ka taɓa fita daga Najeriya ba, alhali a bayanan asusunka na banki ko hotunan bikinku akwai abin da ke nuna akasin haka.

Tsohon fasfona ya ɓata, ranakun tafiyar sun shige mini.

Ka bi sawunsu. Imel ɗin tikitin jirgi, saƙon otal, bayanan cire kuɗi a banki, hotunan waya da ke ɗauke da kwanan wata, takardun hukumar alhazai ta jiha, har hirar WhatsApp ta ranar da ka sauka. In ka samu wata da shekara ba ka samu rana ba, ka saka mafi kusa, ka faɗa a fili cewa ƙiyasi ne saboda fasfon ya ɓata, ka haɗa rahoton 'yan sanda in akwai. Kuskuren kwana uku a ranar da ka shiga Alƙahira ba ya kayar da nema.

Yada zango fa, kamar sauka a Addis Ababa ko Istanbul don canja jirgi?

In ba ka wuce teburin jami'an shige da fice ba, ba ka shiga ƙasar ba. In an buga maka hatimi ka fita ka kwana a otal a cikin gari, ka shiga, sai ka rubuta a matsayin yada zango.

Lokacin da Dubai ta daina ba 'yan Najeriya biza ne aka ƙi tawa. Ai kowa aka hana, ba ni kaɗai ba.

Haka ne, daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe wa masu fasfon Najeriya ƙofa. Amma in an tura nema da sunanka aka dawo da shi a matsayin wanda aka ƙi, to an ƙi ka. Ka rubuta, ka ce a lokacin dakatarwar ne. Jami'in da ke duba takardun 'yan Najeriya ya san da labarin.

Na taɓa fara nema na janye kafin a yanke hukunci.

Wannan ba ƙi ba ne. Haka wanda aka mayar saboda ba a biya kuɗi ba ko ba a je ɗaukar yatsu ba. Ba sai ka amsa "e" a kansa ba, amma ambatonsa a layi ɗaya cikin wasiƙa ba ya cutarwa.

Yaranmu biyu za su bi ni. An taɓa hana mu gaba ɗaya lokacin suna ƙanana.

Kowane yaro da fom ɗinsa, kowane fom kuma da wannan tambayar. In an saka su a neman da aka ƙi, su ma an ƙi su, ko da a goye suke a lokacin. Ki tabbata ranakun da lambobin sun yi daidai a fom ɗinki da nasu. Iyaye kan cike nasu da kyau, su gaji, su danna "a'a" a na yaran.

Haka babban da aka taɓa nema masa biza yana yaro. Ya tambayi iyayensa. Doka ba ta ɗora wa mutum laifin karya dokar shige da fice da ya faru kafin ya cika shekara 18, amma ƙin da aka yi yana nan a rubuce, kuma ana so a faɗe shi.

Na taɓa zama a Birtaniya na wuce wa'adin bizata kafin na dawo. Akwai sauran fata?

Akwai, amma ya danganta da tsawon lokacin da yadda ka fito. Wanda ya wuce da kwana 30 ko ƙasa da haka kuma ya fita da kansa da kuɗinsa, ba a lissafa masa haramci. Wanda ya wuce haka ya fita da kuɗinsa, wata 12 ne daga ranar fitarsa. In gwamnati ce ta biya kuɗin jirgin, shekara biyu ne ko biyar, gwargwadon yadda ya jinkirta bayan an ba shi takardar fita. Wanda aka fitar da ƙarfi, shekara goma.

Ko wa'adin ya ƙare, jami'in yana da damar ƙi idan ya ga mutum ya yi wasa da doka da gangan, misali ya yi amfani da sunan wani, ko ya gudu daga belin shige da fice. A ɗaya ɓangaren kuma, neman iyali yana da kariyar sashe na 8 na yarjejeniyar Turai kan haƙƙin ɗan Adam, wanda ya shafi rayuwar iyali, musamman inda akwai yaro ɗan ƙasa. Ka adana tikitin da ka fito da shi da shaidar cewa kai ka biya. Wannan 'yar takardar ita ke raba wata 12 da shekara biyu.

Wani abin da ake mantawa shi ne asibiti. Fom yana tambayar ko an taɓa yi maka magani a Birtaniya, ko an ce ka biya, ko ka biya. Bashin asibitin gwamnati da ya kai fam 500 dalili ne na ƙi. Matar da ta haihu a can tana kan bizar ziyara ta nemi asibitin ta tabbatar babu sauran kuɗi a kanta, ta karɓi rasit.

Yaya ake rubuta wasiƙar bayanin?

Gajeriya, da Turanci mai sauƙi, shafi ɗaya ya isa ga yawancin mutane. Kowane ƙi da layinsa: ƙasa, irin bizar, wata da shekara, lambar nema, dalilin da aka bayar. A ƙarƙashinsa jimla ɗaya ko biyu kan abin da ya canja. In an ce kuɗin asusunki ba shi da asali kuma gadon mahaifinki ne, ki faɗa. In ba ki da abin cewa, ki bar shi haka.

Kada a zagi jami'in da ya ƙi, kada a yi roƙo da magiya, kada kuma a kwafo wasiƙar wani daga intanet. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a haɗa kwafin wasiƙun ƙin da kansu, ko da abin da ke ciki bai yi daɗi ba. Maigida ko uwargidan da ke ɗaukar nauyi su ma su karanta, domin in an kira su a waya ko aka nemi ƙarin bayani, bakinsu ya zo ɗaya da na mai nema. Akwai mazan da sai a wasiƙar ƙi suke fara jin cewa an taɓa hana matarsu bizar Kanada.

Na riga na tura fom na biya, sai daga baya na tuna da wani ƙin da ban saka ba.

Bayan an tura ba a iya komawa a gyara amsa. In ba a ɗauki yatsunka ba tukuna kana da hanya biyu: ka rubuta wasiƙar gyara ka ɗora ta cikin takardunka, ka sa ta a inda za a fara gani, ko ka soke neman a mayar maka da kuɗinka ka cike sabo. In abin da ka manta babba ne, kamar tasa ƙeya ko ƙin da ya ambaci yaudara, sokewa a sake ya fi tsafta. In an riga an ɗauki yatsun, kuɗin biza ba zai dawo ba ko ka janye, sai ka aika gyaran ta hanyar tuntuɓar UKVI, wato sashen biza na Ma'aikatar Cikin Gida, da lambar nemanka, ka adana shaidar ranar da ka aika.

An ƙi ni, wasiƙar ta ce na ɓoye tsohon ƙi. Wallahi mantawa na yi. Sabon nema zan yi ko ƙara zan ɗaukaka?

Bizar ziyara ba ta da ɗaukaka ƙara, amma ta iyali tana da ita, gaban kotun shige da fice ta matakin farko, kuma mai nema daga waje kwana 28 yake da shi daga ranar da hukuncin ya iso hannunsa. Ka fara duba kalmomin wasiƙar. In dalilin ƙin takarda ce da ta rage, sabon nema yakan fi sauri. In kuwa an rubuta cewa ka yi yaudara, sabon nema ba ya goge wannan, zai bi ka zuwa kowane fom na gaba, har na wasu ƙasashen. Irin wannan sai an ƙalubalance shi.

Abin da alƙali zai duba shi ne ko mantuwar tana da ma'ana. Ƙin da aka yi shekara 15 da suka wuce ta hannun ejan, wanda wasiƙarsa ba ta taɓa zuwa gare ka ba, ya fi saurin karɓuwa a kan wanda aka yi bara kana tsaye a gaban taga. Yana taimakawa idan ka faɗi wasu ƙin guda biyu ka manta na uku, domin wanda ke son ɓoyewa ba ya tona biyu. Ka tara imel ɗin da ke nuna adireshin da aka aika wa wasiƙar ba naka ba ne, kwafin fayil ɗinka daga Ma'aikatar Cikin Gida, da bayanin rantsuwa naka da na wanda ya taya ka cike fom ɗin, ka miƙa wa lauyan tun a makon farko, domin kwana 28 ɗin ba ya jiran fitowar fayil.